Minti Bakwai a Gadarif

Bayan kakar riɗi, in kuɗi ya shigo gari,
Baba Sallau kan buɗe gwangwanin majigi
a hankali, kamar mai buɗe tulun zuma.
Silimar ba rufi,
taurari ma kallo suke, ba su biya ko sisi ba.

Kafin babban fim, minti bakwai namu ne.
Wani bunsuru mai hular kwano
ya kora kunkuru har bakin dutse,
ya zarce, yana ta gudu a kan iska.
Bai faɗo ba sai da ya dubi ƙasa.
Dariya har gyaɗa ta shaƙe Ilu.

Sallau ya ce, "Wasu 'yan tsiraru ne can ƙetare,
a ɗan ɗaki, suka zana shi da hannu,
takarda goma don ƙiftawar ido guda.
Aikin riɗi ke nan, yara:
ƙwaya-ƙwaya buhu ke cika."

Yau silimar sito ce, dawa har sama.
Sallau ya riga mu.
Jikata Zulai na latsa waya, ba ta ɗago ba.
Ni kuwa tun ranar da muka kai kakarta
gudu nake a kan iska,
hulata daram,
na ƙi duban ƙasa.