Faifan da Ba Ya Juyawa

Shekara tara ina buɗe shagona a Garwa,
bayan kotu, inda inuwar darbejiya ke ƙarewa.
In danna maɓalli, in bar kwamfuta tana nishi,
in fita.
Kafin ta farka na sha kunun gyaɗa wajen Dudu,
na gaisa da mai gadi, na ji kuɗin auduga,
na share ƙofa, na dawo,
tana nan tana gurza
kamar tsohuwa a kan dutsen niƙa.

Masu takarda kuwa ba su san haƙuri ba.
Wannan ƙarar gona, wancan neman aiki,
waccan sunan ɗanta aka rubuta a karkace.
Su tsaya a kaina muna kallon zobe yana juyi,
zufa na gangarowa har cikin idona.

Sai Hamajoda ya ce in kawo ta.
Yaro ne, na ci naman sunansa.
Rumfarsa a kasuwa cike da gawar na'urori.
Ya kwance sukurori shida, ya tara a murfin kwalba,
ya zaro wani abu daga leda,
baƙi, siriri, ba nauyi.
Na ce ina faifan? Ya ce babu.
Ina allurar? Babu.
To me ke juyawa?
Ya ce Baba, ba abin da ke juyawa.
Sefa dubu ashirin da biyar.

Ƙaura ce, in ji shi, ta gida ɗungurungum,
ba tarkace kaɗai ba, har ƙofa da harsashi,
har hanyar da ƙafa ke bi cikin duhu ta sami randa.
In aka manta lungun da take farkawa
za ta buɗe ido ta rasa sunanta.

Ya haɗa tsoho da sabo da waya ɗaya.
Koren layi ya fara rarrafe.
Kashi goma sha ɗaya, aka kira azahar.
Kashi arba'in, wuta ta ɗauke,
kasuwa ta ja tsaki baki ɗaya,
muka zuba wa batir ido kamar masu jinya
har ta dawo.

A tamanin da bakwai tsohon ya yi tuntuɓe,
ƙas, ƙas, ƙas, wuri guda.
Hamajoda ya ce akwai rami a nan,
ya haɗiye wasu takardu. In tsallake?
Na leƙa sunan: wasiƙun Tanimu,
yayana, da nake buga masa zuwa ofishin fansho
shekara huɗu, har ya tafi ba amsa.
Na ce tsallake.
Na san su da ka.

Bayan la'asar ya danna maɓalli.
Ban gama gyara zama ba ta buɗe ido.
Hoton gadar Binuwai na nan inda na bari,
komai a mazauninsa,
sai dai shiru.
Na kara kunne a jikinta kamar mai neman numfashi,
yaron yana mini dariya.

Ya naɗe mini tsohon a jarida.
Da sauran ɗuminsa har na iso gida.
Yana cikin aljihun tebur yanzu, kusa da hatimi.

Aiki na gudu, ba ni da ƙorafi.
Layi ya gajarta, ciniki ya ɗan ɗaga.
Amma jiya Dudu ta leƙo da kofi a hannu,
ta ce Malam, yau kwana shida, lafiya dai?
Na dubi allon, a farke yake, ni yake jira.
Na rasa ta inda zan fara gaya mata
cewa jiran nan da na biya aka cire mini,
a cikinsa nake shan kunu.