Haƙoran Baƙi

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da masauki
a bayan tashar jiragen ruwa ta Genova.
Ɗaki tara, matakala mai kuka,
da durowa ɗaya da ba na kullewa.

A cikinta abin da baƙi suka manta ne.
Ga filogin Ingila, haƙora uku kaurara,
da ɗan fiyus a cikinsa kamar laya;
in ka taka shi da dare ba takalmi
sai ka kira sunan kakarka.
Na Amurka haƙora biyu ne, falle-falle.
Na Suwizalan ya so ya yi kama da namu,
sai haƙorin tsakiya ya goce daga layi,
kamar ɗan'uwan da ya yi kuɗi ya sake tafiya.

Namu uku ne a jere, sahu ɗaya.
Marigayi Gualtiero, mijina, mai aikin wuta,
yakan ce: Ornella, kowa ya sassaƙa ƙofarsa ne
tun babu wanda ya zaci
dutsen guga zai hau jirgi ya yi bulaguro.
Shi ya binne na'urar busar gashin wata 'yar Boston
da ta sha wutarmu, ninkin ta gidansu,
ta yi tari, ta yi hayaƙi, ta cika.
Abincin wani, in ji shi, gubar wani.

Daren Laraba, ana tsuga ruwa,
Rodel ya sauko da wayarsa a tafin hannu
kamar mai ɗauke da tsuntsun da ya faɗo daga sheƙa.
Ɗan Iloilo ne, kuku a jirgin kwantena.
Matarsa na kan gwiwa,
batir saura kashi biyu,
cajarsa falle-falle,
bangona kuwa ya tsuke baki.

Na juye durowar kan teburin cin abinci.
Wannan ya ƙi shiga.
Wancan ya shiga, ya yi lako-lako.
Muka goya ɗaya a bayan ɗaya har uku,
kowanne na yi wa na gabansa tafinta,
muka tokare su da littafin girki
da gwangwanin tumatir.
Wayar ta ƙyafta ido, ta farka.

Ƙarfe uku da kwata
kukan jaririya ya iso daga wancan gefen duniya,
ya ratso ta Jamus da Ingila
kafin ya sauka a kicin ɗina.
Rodel na hawaye bai motsa ba,
don kada gwangwanin ya goce.

Da safe ya tafi da biyu daga ciki,
ya bar mini busasshen mangwaro.
Tumatirin kuwa na yi miya da shi.

Akwai wanda ban fito da shi ba.
Injin aski ne, haƙoransa a karkace
kamar girar mai tambaya.
Na Tancredi ne, ɗana,
da ya zo daga Melbourne binne ubansa.
Ya tsaya a banɗakin da na yi masa wankan jarirai
yana laluben bango,
babu ramin da ya san shi.
Ya yi dariya ya ce: Mama, na zama baƙo.
Ni ban yi dariya ba.
Da gemun kwana uku ya je maƙabarta.
Mantawa ya yi da injin ko barin sa ya yi,
ban tambaya ba.

Washegarin tafiyarsa na sayo masa adafta.
Shekara shida ke nan tana maƙale a soket,
kusa da madubi,
bakinta a buɗe.
Duk Asabar ina share mata ƙura.