Ungozomar Akwatin Gilashi

Ruwan la'asar ya sauko a Belém kamar kullum,
yana jefo mangwaro kan kwanon maƙwabta.
Na kunna fitilar akwatin kifi,
sai ga su:
ido biyu da jela, ido biyu da jela,
ba wanda ya kai ƙwayar shinkafa.
Gufin nan mai ciki ta sauka,
ba ta ko aika a kira ni ba.

Shekara talatin da huɗu ina karɓar haihuwa
a asibitin bakin kogi.
Hannuna ya san nauyin jinjiri tun bai yi kuka ba.
Yau ga haihuwa a falona,
ba cibiyar yankewa, ba ruwan zafi,
sai ƙirga.
Na ƙirga ashirin da uku.
Na je ɗora kofi, na dawo,
goma sha tara.

Shi kuwa yana tsakiyar ruwa,
fallen jiki kamar ganye, zane baƙi a kan azurfa,
yana jan gezarsa kamar mai gudun ɓata riga.
Kifin mala'ika ake ce masa.
Wanda ya raɗa sunan bai tsaya ya ga cin abincinsa ba.
Ba ya gudu, ba ya hargagi,
matsowa yake, lumbu-lumbu wutar ƙaiƙayi,
ya tsuke baki kamar zai yi sumba,
ruwa ya rufe gurbin.

Jikata Jandira ta ce, Kaka, ki bayar da shi mana,
mai shagon kifi zai karɓa.
Ina zan bayar?
Eurico ne ya kawo shi a leda, yana kamar kwabo,
ya sa masa suna Kyaftin,
ya riƙa yi masa hira bayan ya bar tuƙin jirgin ruwa.
Eurico ya tafi bara da damina.
Abin da ya bar mini mai numfashi ke nan,
ga shi yana cin jarirai.

Na yanko gefen tsohon gidan sauro,
na ɗinke a jikin waya, na raba ruwa gida biyu.
Na cusa gansakuka a lungu,
na watsa ciyawa mai yawo a sama, ta zama rumfa.
Da cokalin miya na riƙa kwasarsu,
hannuna na rawa,
hannun da bai yi rawa ba ranar 'yan uku.

Da safe, goma sha bakwai.
Ragar ba ta huje ba. Na duba ɗinki, na sake dubawa.
Sai na ga uwar, cikinta a cike,
tana shawagi ba ko kunya.
Ashe ɓarawon na ɗaka ne.
Na zauna a kujerar Eurico na daɗe.
Na ga irin haka a tsakanin mutane,
ban taɓa ba kowa labari ba.

Na mayar da ita wajen Kyaftin.
Ƙananan na ba su gwaiduwar ƙwai,
abin da kan allura zai ɗauka, sau huɗu a yini.
Shi kuma nakan fara ƙosar da shi,
ko yunwa ce, ko hali,
ban raba musu gardama ba har yau.
Yakan zo ya jingina goshi da raga
ya yi ta kallo.

Mako bakwai.
Jela ta fara kama launi, ja da ruwan goro,
jiki ya fi ƙarfin baki.
Jandira ta ce mu ƙara ko mako guda.
Na ce ba a goyon ɗa har ya yi gemu.

Na zare ragar a hankali.
Goma sha shida suka fantsama.
Ɗaya, ƙaramin cikinsu,
ya tsaya daidai inda shinge yake dā.
Kyaftin ya juyo.
Ban kashe fitila ba a daren nan.