Rabin Kuɗin

Shafi arba'in na cika
ƙarƙashin fankar da ta mutu tun azahar.
Suka ce: mutum nawa, naira nawa?
Na rubuta ɗari shida.

Babu gurbin Kawu Sahabi,
badukun Rijiyar Ɗorowa,
mai hamsin da biyu, bai san gadon asibiti ba.
"Mi za a auna ga mai lahiya?"
Ran Talata ya kife, basilla a hannunsa.
Hawan jini ba ya sallama.

Yau amsa ta iso: an ba da rabi.
Na'urar awo sha biyu,
man babur na wata tara.

Gobe daga lungunsu zan fara.
Inna Tumba tukuna,
wadda har yanzu
gishirin mutum biyu take zuba wa miya.