Bayit Arba'in da Takwas

Kwana goma sha tara, ba ƙari ba ragi,
sai allon ya sume.
Can a tafkunan Chiayi famfon iska ya tsaya cik,
asuba ta tarar da kifayen tsoho Kuo
sun juyo da farin cikinsu sama,
ba irin na murna ba.

Ni kuwa ina Hsinchu, hawa na bakwai,
taliyata ta huce a kofin takarda,
wayoyi huɗu sun ciji allon kamar kaska.
Pei-shan ta ce zafi ne.
Manaja ya ce mu sa ta riƙa farfaɗo da kanta
duk daren Lahadi, kowa ya huta.
Na ce ruwa ba ya tsami banza.

Ƙwaƙwalwar na'urar nan ba ta kai hoto guda ba.
Direban ma'aunin iska kan zo ya ari wuri,
ya yi aikinsa, ya mayar.
Na ɗora masa maƙirgi a bakin ƙofa:
aro dubu, mayarwa dubu.
Mutumin kirki.
Kwana uku ina gadin mai gaskiya.

Sai daren Alhamis, garin miƙa,
gwiwar hannuna ta taɓa wayar ma'aunin.
Ta saki, ta kama.
Aro dubu da ɗaya.
Mayarwa dubu.

Ashe ta ƙofar baya yake fita
duk sanda ma'auni ya yi shiru:
ya yi ihun kuskure, ya ruga,
bayit arba'in da takwas a aljihu.
A ofis waya ba ta motsi.
A bakin tafki iskar teku ke kaɗa ta
dare da rana.

Na gangara layi na ɗari shida da goma sha biyu.
Ga ɗan rubutu a gefe, shekara tara da ajiyewa:
a mayar a nan, gobe.
Ƙarƙashinsa haruffa uku.
Na daɗe ina kallonsu.
Sunana ne.

Bashi hanji ne.
Layi ɗaya na rubuta, bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Pei-shan ta shigo da laima tana ɗiga,
ta ce, ka kama shi?
Na ce, na kama.
Wane ne?
Na ce, nemo mini lambar tsoho Kuo,
ki tambayo nawa ake sayar da kifi bana.