Randa Uku a Gindin Darbejiya

Shekara talatin da ɗaya katanga guda muke jingina,
ni ta gabas, Hasaballa ta yamma.
Na san tarinsa na asuba, na san kukan ƙyauren ƙofarsa,
na san ranar da ake toya kisra a gidansa, don hayaƙin kan ƙetaro,
amma ban san garin da aka binne cibiyarsa ba,
shi ma bai san ina da dariya ba.
Sallama a bakin masallaci, kowa ya kama gabansa.

Sai aiki ya sake ni.
Injin gurzar auduga ya ce na tsufa,
aka sallame ni da takarda da agogon bango.
Iyatu ta riga ni tafiya da damina biyu,
yara sun watse, wani Jidda, wani bakin teku, autar tana Gadarif.
Gida ya yi mini yawa kamar rigar aro.
Agogo na bugawa, ni kuwa babu inda za ni.

Wata Talata, rana na narka kwaltar Wad Madani,
mai amalanken jaki ya yanke jiki a bakin layinmu,
leɓe a tsage, ido ya juye.
Na fito da moɗa, ya fito da buta,
muka yi karo a kan bawan Allah,
tsofaffi biyu, hannu na rawa, ruwa na zuba a ƙasa.
Da mutumin ya farfaɗo ya ja jakinsa,
Hasaballa ya dubi gindin darbejiya ya ce,
"Nan wurin randa ne."
Na ce, "Abin da ke raina ke nan."
Ƙarya nake yi. Amma ƙaryar ta yi albarka.

Shi ya ce nafir, ni na ce gayya,
muka bar musu, gumi ba ya jin yare.
Usta Jibir, tsohon maƙerin jirgin ƙasa,
ya lanƙwasa ƙarfe ya yi wa randunan ƙafa.
Hajja Batul ta naɗe su da jiƙaƙƙen buhu,
tana yi mana faɗa kamar ita ta haife mu.
Malam Ladan ya ce a ɗaure moɗa da sarƙa,
Hasaballa ya ce sadaka ba ta son mari.
Aka sace ta farko.
Aka sace ta biyu.
Ta uku tana nan da sarƙarta,
kuma har yau ba a gama wannan shari'a ba.

Ran nan tattabara ta sauka a bakin randa,
fara, mai gashi har ƙafa.
Na ce, "Wannan ba ta kai wata huɗu ba."
Ya juyo a hankali. "Kai ka san su?"
Na ce, "A Mai Wurno, kafin gemu, ina da arba'in."
Ya kama hannuna bai ce uffan ba.
Taku tara ne daga ƙofata zuwa tasa,
na ƙirga,
taku tara, shekara talatin da ɗaya.
Muka zauna ƙarƙashin akurki, gahawa da citta na ƙona harshe,
ya ba ni labarin ƙauyensu a arewa, inda dabino ke leƙa Nilu,
na ba shi na kakana, da ya taso daga Haɗeja zai tafi Makka
guzuri ya ƙare masa a nan.

Jiya gwiwa ta hana ni tashi, ga shi juyina ne na ɗebo ruwa.
Kafin rana ta hau katanga
sanda uku na dukan ƙofata,
Hajja Batul na bayansu da kwanon kunu tana mita:
"In mutuwa za ka yi, ka bari sai ka cika randa!"
Na yi dariya har hawaye.

Katangar tana nan, ba mu rushe ta ba.
Tubali biyu kawai muka zare,
daidai wucewar kofin gahawa.