Marini a Tashar Cikpete

Kakana Muniyappa bai san baƙi ba,
ko sunansa da babban yatsa yake sa shi,
yatsan da shekara hamsin a bakin tukunya
suka hana sabulun Bengaluru wanke shi.
Amma miƙa masa zaren siliki da duhun asuba,
zai faɗa maka tsomi nawa ya sha kafin ya yi launi.

Ran Lahadi na ce, Ajja, tashi mu gai da Inna Girija,
an buɗe sabon layi, ba sai mun tsufa a bas ba.
Ya ɗaura farin zane, ya shafa toka a goshi,
ya rungume ledar ayaba kamar za a ƙwace.
A Cikpete matakala ta ɗauke mu zuwa cikin ƙasa,
ya damƙe hannuna: tunda nake ban ga rago ba irin mai wannan tsani.

Gaban taswira ya kafe, jama'a na ture shi.
Ni ina karanta sunayen tashoshi,
shi yana bin zare da farce:
kore ya miƙe daga arewa har kudu,
shunayya ya gitta shi a Majestik,
rawaya can ƙasa, ɗanye shar, kamar jiya aka tsamo shi.
Ya ce, wanda ya zana wannan ɗan masaƙa ne.
Sai dai koren an yi masa gaggawa,
da ni ne, da na bar shi ya ƙara wuni.

Jirgi ya fito daga rami, rana ta mare mu.
Wata mai sayar da furanni ta matsa masa wuri,
ƙamshin kwandonta ya cika taragon.
Rufin gidaje, tankunan ruwa, shanya,
shanya ita kaɗai yake kallo,
yana cewa wancan zai zuba, wancan ba zai kai baɗi ba,
wancan kuwa tsohon hannu ne, na san marinin.

A tashar canji ni ce na ɓata.
Kaina na cikin waya, kibiyoyi sun rikita ni,
na juya hagu, na dawo, na sake juyawa.
Ya ja gefen rigata: Tulasi, ga gangamau can a bango.
Ya bi rawaya, na bi shi,
ni da digirina a bayan marar karatu,
kamar ɗan akuya a bayan mai dusa, babu bayani.

Muka bi ta saman Silk Bod,
inda motoci ke cin wuni suna huci.
Ya leƙa ƙasa ya yi dariya har da tari:
an ba wuri sunan siliki, ga shi ya cukurkuɗe,
ko ni ba zan iya warware wannan ƙulli ba.

Can ya yi shiru. Ya buɗe ƙaramar taswirar da aka ba mu,
ya juya ta, ya duba bayanta.
Ina ja?
Na ce, wai yana kan takarda, ba a fara haƙa ba.
Kakata Kempamma, sunanta a harshenmu ja ne,
shekara uku ke nan da muka kai ta,
cikin zanen da ya rina mata da hannunsa.
Ya ce, haka ja yake, shi ne na ƙarshen kamawa,
ba ya son a tsaya masa a kai.
Ban san me zan ce ba. Na ɓare masa ayaba,
sai na tuna an hana ci, na mayar da ita leda, yana kallona.

Da yamma, a hanyar komawa, ya ce kar ki faɗa mini,
rawaya tukuna, sannan kore.
Kafin Lalbag barci ya kwashe shi a kafaɗata,
taswira a ninke cikin tafinsa,
baƙin yatsan nan a kan farin wurin
da ba a kai ga sa wa launi.